Gudun Tsakuwa

Jarwal, Makka
Watan Rajab

Zuwa ga ƙanwata Ummulkhairi,

Shekarata saba'in da takwas bana, kuma ba na neman tausayin kowa, har da naki. Na fara da wannan ne don kada 'yarki Mujahida ta raunana murya idan tana karanta miki abin da ke ƙasa. Bayan haka, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina tambayar ƙarfin jiki, da yara, da dukan mutanen Gusau. Allah Ya sa kwanciyar nan ta zame miki kaffara.

Alkawarin da na yi miki yana nan. Tunda ciwo ya hana ki tashi, ni zan yi miki Hajjin bana. Na tambayi malaman nan sun halatta, har na ba da sunana, ɗana Taha ne zai raka ni. Na ce miki kowane aiki da gaɓoɓina zan yi shi, ba zan kawo miki Hajji mai faci ba.

Sai dai akwai abin da ban faɗa miki a waya ba. Tun faɗuwar da na yi a matakala bara, hannuna na dama ba ya ɗagawa ya wuce kafaɗa, yatsun kuma suna jinkirin saki. Na hagu kin san rawa yake yi. Tafiya ba ta gagare ni ba, ɗawafi ma haka. Jifan Jamra ne damuwata. Sharaɗinsa a jefa tsakuwa, ba a ajiye ta ba, kuma ta faɗa cikin kwarmin. Sau da yawa ta bayan sahun mutane ake jifa, domin ba kowa ke isa bakin katanga ba.

Taha ya ce in wakilta shi, shari'a ta yarda. Na tuna masa cewa ni na koyar da wannan babin a makarantar 'yan mata tun bai iya ɗaura wando ba. Rangwamen na wanda ya kasa ne, ni kuwa ban kasa ba tukuna.

Za ki yi dariya. Taha ya koyo wani wasa a ƙasar waje, wai shi besbol: ɗaya ya wurga ƙwallo, ɗaya ya tare ta da kulki. Duk Juma'a da yamma suna taruwa a Jidda da abokan aikinsa, ba mai biyansu, ba mai kallonsu. Na sha yi masa faɗa, magidanci da furfura yana jifa kamar mai kakkaɓo mangwaro. To yanzu shi ne malamina.

Ki ci gaba da shan magani. Wassalam.

Yayarki,
Amatullahi

Jarwal, Makka
Watan Shawwal

Zuwa ga ƙanwata Ummulkhairi,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, da fatan an yi Sallah lafiya. Yaya jikin? Saƙon Mujahida ya iso, na gode da kilishin, ko da yake haƙora sun ce in gaishe shi daga nesa.

Kin tambayi labarin karatuna. Muna hawa rufin bene bayan La'asar. Taha ya jingina tsohuwar katifa, ya ajiye bahon wanki a gindinta, ni kuma ina tsayawa can baya da tsakuwa a gwangwani. A cewarsa, masu koyo suna zaton ƙarfin jifa a damtse yake, alhali daga ƙasa yake tasowa. A tura ƙafar hagu gaba, ƙugu ya juya, ƙirji ya bi, hannu shi ne na ƙarshe, kamar bakin bulala. Ya kawo mini wata igiyar roba da nake ja safe da yamma, da ƙwallo mai laushi da nake matsawa ina lazimi. Ban tsallake rana ba, ko cikin azumi.

Yana da wata 'yar na'ura mai auna gudun jifa. Ya ce ƙwararrun da ake biya suna haura kilomita ɗari da hamsin a sa'a, amma ɗan sha'awa irinsa in ya taɓa ɗari, ranar har shayi yake saya wa abokai. Shi da kansa daga tamanin ya fara, sai da ya shekara yana gyara taku kafin ya kai nan. Na ce ya auna ni. Ya yi ta kewaye-kewaye, na ce ban saba bai wa ɗaliba sakamako da baki ba, ni ma a nuna mini nawa.

Na jefa. Fuskar na'urar ba ta nuna komai ba. Na sake, haka. Taha ya jijjiga ta ya ce batir ne. Sai na miƙa masa ƙwallonsa na ce ya jefa. Bai so ba, amma ya jefa, katifar ta yi ƙara, lamba ta fito: casa'in da bakwai. Daga nan ya amsa cewa akwai gudun da in jifa bai kai shi ba, na'urar ba ta san an yi jifa ba.

Ummulkhairi, na san ba gudu Allah Yake aunawa ba. Amma tazarar tana bukatarsa. Cikin tsakuwa bakwai, biyu ke isa baho, sauran a gaban ƙafata suke zuba. Na bi kowace ƙa'ida, na haddace ta, ina iya koya wa wani. Kaina ya sani, ƙafa ta bi, ƙugu ya bi, idan umarni ya iso kafaɗa sai ya tarar ba kowa a gida. Ban taɓa haɗuwa da abin da naci bai karya ba sai wannan, kuma ban san me ake yi da shi ba.

Kada ki sa damuwa. Akwai sauran lokaci. Wassalam.

Yayarki,
Amatullahi

Jarwal, Makka
Watan Zulƙida

Zuwa ga ƙanwata Ummulkhairi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan jiki da sauƙi, ina gaida Mujahida da maigidanta. Garin nan ya fara cika, motocin alhazai sun toshe hanyar Aziziyya.

Ranar Asabar, Maha matar Taha ta hau rufin tana riƙe mini gwangwani. Ta tsaya a gefena na dama, inda babu dalilin tsakuwa ta je. Na yi niyyar in zuba duk ƙarfina sau ɗaya. Na taka, na juya, yatsuna suka saki ba lokacin da na umarce su ba. Tsakuwar ta same ta a saman gira, jini ya sauko mata kan mayafi. Tana dafe da wurin tana ce mini ba komai, ya Ummi, wai ma ta ga alamar ƙarfi ya ƙaru. An yi mata ɗinki. Da ta sauka kaɗan, ido ne.

Mutum ɗaya ce a gefena ranar. A Mina dubbai ne, kafaɗa da kafaɗa, kowa baƙon Allah. Na zauna na duba al'amarin kamar wata ce ta kawo mini tambaya, na ga amsar da zan ba ta ba ta da wuya. Karɓarta ce ke da wuya. Ke hannunki ba ya motsi, kika jingina da nawa, ga shi nawan ma ya zama abin da ake kaucewa. Ki yafe mini facin da na ce ba za a yi ba.

Kada ki aiko da lallashi, domin an riga an gama. Jiya bayan La'asar na kira Taha, na sa Maha ta zauna shaida, na miƙe tsaye na ce masa: "Na wakilta ka jifan dukan Jamrori a Hajjin Ummulkhairi, domin na kasa." Ya sunkuyar da kai, na ce ya ɗago ya amsa yadda ake amsawa. Ya amsa.

Arfa da Muzdalifa da ɗawafi suna nan a wuyana, tsakuwar ma ni zan tsinta da hannuna in zuba masa a tafi. Sharaɗi ɗaya na kafa masa. Idan ya gama nasa ya zo kan naki, kada ya yi mini jifan filin wasa. Ya matsa kusa, ya yi kabbara, ya jefa a hankali, gwargwadon ƙarfin tsofaffi biyu.

Allah Ya karɓa miki. Wassalam.

Yayarki,
Amatullahi