Fuskata ce a bidiyon, amma ba ni na yi maganar ba

Gwaggo, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Sana'ata gyaran wutar lantarki ce.

Ina da in'ina tun ina yaro. A rubuce ne kawai magana take fita mini ba tuntuɓe, don haka ki yi haƙuri in na cika ki da surutu.

Shagon da nake aiki na yayan matata ne. Shi ya ajiye ni a ciki lokacin da ko teburi ba ni da shi, kuma shi ya buɗe mana shafi a intanet. Ni ina aiki, Yaya yana ɗauka da waya. Ina nuna yadda ake canza soket, yadda ake gane wayar wutar da ta ƙone, da makamantansu. Bidiyon kan yi tsawo, don kafin in gama cewa lantarki wani ya je ya sha ruwa ya dawo. Duk da haka mutane sun saba da ni, har suka sa mini Mai Testa, saboda ba na taɓa waya sai na ɗora mata testa, ɗan ƙarfen nan mai fitila da ke nuna ko akwai wuta.

Kwanakin baya Yaya ya samo wata manhaja ta ƙirƙirarriyar basira. Ya zuba mata tsofaffin bidiyona, ta kwaikwayi fuskata da muryata. Yanzu shi zai ba ta kan magana kawai, ita ta shirya sauran, sai ga bidiyo rututu. Ranar da na fara ganin kaina ina zuba magana tiryan-tiryan, wallahi Gwaggo sai da na yi hawayen daɗi. Na nuna wa matata, ta ce wannan bai kai mijinta kyau ba, muka yi ta dariya. Daga nan ban ƙara bin diddigin abin da ake sawa ba.

Sai ga bidiyon hitar banɗaki. A ciki wai ni ne nake cewa a kashe makunnin bango, a kwance murfi, a canza ƙarfen da ke ɗumama ruwan. Ba zancen kashe wutar gidan daga babban akwati, ba zancen testa. Gidaje nawa na shiga na tarar an ɗaura makunni a kan wayar da ba ita ba? Ka kashe, hita ta yi shiru, amma wuta tana nan a ciki. Ga banɗaki, ga ruwa a ƙasa, ga mutum ba takalmi.

A ƙasan bidiyon wata mata ta rubuta cewa mijinta ya yi tafiya, yara na wanka da ruwan sanyi, tunda Mai Testa ya ce abin ba wuya za ta gwada da kanta da zarar ta samu hutun aiki. Har addu'a ta yi mini. Shafin a hannun Yaya yake, ban san lambobin sirrinsa ba. Na shiga da ɗan asusuna da ba wanda ya sani, na roƙe ta kada ta taɓa. Mutane suka yi mini caa, wai ni wane ne da zan gyara wa Mai Testa. Ita kuwa ba ta amsa ba.

Na sami Yaya a shago zan yi masa bayani, ga masu sayayya a tsaye, in'ina ta riƙe ni gam. Ya dafa kafaɗata ya ce in bar masa harkar intanet, bidiyon nan ya fi kowanne tafiya, kuma ai kowa ya san ana kashe wuta. Matata ban gaya mata ba, ba na son in tsayar da ita tsakanin miji da wa. Tun ranar, waya na yin ƙara sai in ɗauka mugun labari ne. In na matsa, ina tsoron a ce na yi butulci, in rasa shago in ɓata zumunci. In na yi shiru, ina tsoron abin da ba na ma son rubutawa. Ina mafita?

Ɗanki, mai gyaran wuta

Ɗana, ban bari wasiƙarka ta bi layi ba, don ba irin wadda ake ajiyewa ba ce. Tsoro biyu ka ɗaure wuri ɗaya, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Shago da zumunci suna gyaruwa ko sun ɓaci. Ɗayan ba ya gyaruwa.

Yayan matarka ba mugu ba ne. Ya ga kana shan wuya da magana, ya ga kasuwa na buɗewa, kuma bai san abin da ka sani ba. To, kada ka sake tsayawa yi masa bayani a gaban jama'a. Ka kai shi bayan shago, ka ɗaura makunni a kan wayar da ba ita ba, ka kashe, ka ɗora testa ya ga fitila ta kama da idonsa. Sannan ka miƙa masa saƙon matar nan da ta ce za ta gwada, ya karanta. Ka nemi ya sauke bidiyon nan take, ya tura mata gargaɗi daga shafin da ta yarda da shi, kai kuma ka tsaya gaban waya ka yi gyaran da bakinka, komai tsawon da zai ɗauka.

In ya ƙi, ka ɗauki kanka da wayarka kana gargaɗin, ka sa a ƙasan bidiyon hitar, ka kai ƙarar bidiyon wurin masu dandalin. Wannan karon ba mai tambayarka ko kai wane ne, in'inarka za ta shaide ka. Matarka kuma ka gaya mata yau. Gara ta ji daga gare ka da ta ji daga waje, kuma ta fi ka sanin ta inda ake shawo kan yayanta.

Kai ma sai na ja maka kunne. Daɗin jin muryarka santsi ne ya sa ka saki shafin. Manhaja tana da ranarta, a bar ta ta rubuta maganarka a ƙasan hoto, ta yanke inda bidiyo ya yi tsawo. Amma daga yau kada wani abu ya fita da fuskarka ba ka gani ba. Faɗin haka ba butulci ba ne, alherin da ya yi maka bai sayi fuskarka ba.

Matar nan ba ta san Yaya ba, ba ta san manhaja ba, kai ta sani. Ka tashi ka same shi kafin hutunta ya zo. Allah ya tsare ta da 'ya'yanta, ya sa a gama lafiya, ya kwantar maka da hankali.

Gwaggonka