Kwalbar da Ake Wankewa Kafin Likita Ya Zo

Zuwa ga Babban Likitan asibitin da aka yi wa maigidana aikin hanta a Birnin Kabi.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka gaisuwar Musulunci.

"Malama, ba za a cire robar nan ba sai na ga abin da take fitarwa da idona, na tabbatar ya tsaya." Kai ka faɗa mini haka a ƙofar ɗakin tiyata, hannunka bai ko bushe ba. Ni na riƙe maganar, kai ka yar da ita.

Ni malamar firamare ce a Argungu. Maigidana manomin shinkafa ne. Wani bijimin sa ya kai masa ƙaho a fadamar Gulma, ya ɗaga shi ya maka da ƙasa, ƙahon ya shiga ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama ya tsaga hanta. Muka kawo shi a bayan mota, tabarma sharkaf da jini. Ka ɗinke hantar, ka tsayar da jinin, kuma wannan ba zan ɓoye shi ba. Ka bar roba, wato siririn bututu, a cikinsa tana zuba a kwalba ƙarƙashin gado. Daga nan ne ɓarnar ta fara.

Na ɗaya. Kowa a asibitinka ya san ba ka son ganin ƙazanta lokacin zagayen safe, kuma ana tsoron tsawarka. Don haka kullum kafin ka shigo, masu shara sukan zubar da abin da ke cikin kwalaben marasa lafiya, su ɗauraye su, su mayar. Na ga abin da ake zubarwa daga tamu. Da farko jini-jini ne, daga baya ya koma kore mai haɗe da rawaya, in ya taɓa zane ba ya fita. Ruwan matsarmama ne. Na gaya wa nas mai kula da ɗakin, ta ce masu jinya su tsaya a matsayinsu. Ka zo ka leƙa ƙarƙashin gado, ka ga kwalba fes, ka ce a zare roba. Ba ka tambayi wanda ya auna ba, ba ka tambayi launi ba, mu masu jinya kuma an kore mu waje kamar kullum, ta taga nake kallonka. Tsabtar da kake alfahari da ita ce ta rufe maka ido.

Na biyu. Aka sallame mu. Ba mu daɗe a gida ba zazzaɓi ya kama shi, ciki ya kumbura ya yi tauri, ido ya yi rawaya, kafaɗar dama na yi masa suka, ko kunu ya sha sai ya dawo. Sai ɗinkin ya ɓalle daga gefe, koren ruwan ya jiƙe masa riga, ya saɓule fatar wurin kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Mutumin da bai yi kuka ba ranar da sa ya huda shi, yanzu matashin kai yake cizo don kada 'ya'yansa su ji. Muka dawo da shi, aka sake ba mu gado. Ƙaramin likitanka ya dube shi daga nesa ya ce zazzaɓin sauro ne da ciwon shawara. Sauro ne ya tsaga masa hanta?

Na uku. Na ari littafin koyon aikin jinya wurin wata ungozomar asibiti maƙwabciyata, na karanta. Hantar da aka ɗinke takan yoyo da ruwan matsarmama, shi ya sa ake barin roba. In an bar ta, ana duba launi da yawan abin da ke fita, sau da yawa yoyon kan toshe da kansa. In an zare ta da wuri, ruwan ya taru a ciki, ya ci hanji, ya yi mugunya, ya shiga jini ya kashe mutum. Ka fi ni sanin wannan nesa ba kusa ba, shi ya sa ba ni da uzurin da zan yi maka.

Na huɗu. Na roƙi a tura mu babban asibiti a Sakkwato, ka ƙi sa hannu. Na san dalili: in ka tura shi, dole ka faɗi abin da ya faru.

Ga abin da nake nema. Ka zo da kanka ka taɓa cikin maigidana. Ka sa allura ka zuƙo abin da ke ciki, mu gani tare. Ka mayar da roba ko ka sake buɗe shi ka wanke, a ba shi allurar kashe ƙwayoyin cuta. In aikin ya fi ƙarfin kayan da kake da su, ka ba mu motar asibiti mu tafi. Sannan ka hana zubar da kowace kwalba sai an gani an auna, don dattijon da ke gadon kusa da namu shi ma da roba a cikinsa, kuma yau ma an wanke tasa.

Na ba ka daga yau zuwa Juma'ar nan kafin a tafi masallaci. Ƙannen maigidana na zaune a bakin ƙofarku da abin da ke ransu, ni ce na hana su shigowa, kuma zan ci gaba da hana su, don ba jininka nake so ba. In wa'adin ya cika ba ka zo ba, zan ɗauke shi da kaina a motar shinkafa zuwa Sakkwato. In ya kai da rai, zan gaya wa likitocin can komai, da sunanka. In ya cika a hanya, ba Argungu za mu nufa ba. Zan juyo da motar, in shimfiɗe shi a ƙofar ofishinka ba wanka ba likkafani, in yaye rigar, ba kuma mai ɗaga shi sai ka fito ka dubi cikin nan a gaban jama'a.

Allah Ya ba ka ikon gyara abin da ka ɓata tun yana numfashi, Ya kuma tsare iyalinka daga kwanciya a ɗakin da ake tsoron likita fiye da mutuwar majinyaci.

Iyakar maganata ke nan. Wassalam.

Malama Hauwa'u, Argungu.