Ƙoƙon Kan da Na Kai Maƙabarta

Mawashi, ranar Lahadi

Zuwa ga ɗiyata Ulfa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ya karatu? Mu nan sai godiya. Tunda kin daina ɗaga wayata, na koma ga alƙalami.

Kin san abin da ya faru, amma ki ji shi daga bakina. Ranar da kika je kasuwar Kankia, mahaifiyarki tana shara ta buɗe kwalin nan na ɗakinki, ta fito tana salati. Na duba, sai ga ƙoƙon kai, goshi a kwance, baki ya turo gaba. Na ce ko wane bawan Allah ne, yana da haƙƙin a rufe shi. Na naɗe shi a farin ƙyalle, ni da Liman Labaran muka binne shi. Da kika dawo kina kuka za ki yi bayani, na daka miki tsawa, har kika koma makaranta ban saurare ki ba.

Jiya Kamilu, mai koyar da kimiyya a Kusada, ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ashe ba ƙashi ba ne, kwafi ne na farar ƙasa. Na asalin a gabashin Afirka aka tono shi, na wata halitta ce mai tafiya da ƙafa biyu, wadda masana ke sawa tsakanin birai da mutane. Aronsa malaminki ya ba ki don aikinki na ƙarshe, kuma in bai koma ba, ba za a sallame ki bana ba. Wallahi kunya ta kama ni. Gobe zan tono shi.

Mahaifinki,
Malam Dalhatu

Mawashi, ranar Laraba

Ɗiyata Ulfa,

Sallama da fatan alheri. Mahaifiyarki na gaishe ki.

Mun tono, amma damina ta riga mu. Sati biyar yana shan ruwa, ya narke kamar fura a nono. Muƙamuƙi kawai muka samu da haƙora uku, ga su nan Harisu direba zai ba ki. Liman ya so ya yi dariya, da ya dubi fuskata ya fasa.

Ban ce na yarda da duk maganar masanan nan ba, kin san ni. Amma ɓarnar tawa ce. Ranar Litinin zan zo in tsaya gaban malaminki in faɗa masa da bakina, kada hukuncin ya hau kanki.

Shekara talatin ina gaya wa ɗalibaina cewa matambayi ba ya ɓata, ga shi na kasa yi wa ɗiyata tambaya ɗaya. Ki yafe mini. In na kira gobe ki ɗaga, ko sallamar kaɗai ki amsa.

Mahaifinki mai nadama,
Dalhatu