Oba-obar Baba

Unguwar Shanu, Kaduna

Yaya Sharhabil,

Assalamu alaikum. Ina gaida Anti Mansura da yara. Tunda ba ka ɗaukar wayata, ga takarda ta hannun direba.

Gidan tarihin Baba na nan a zaure: rediyo arba'in da ya tara yana aikin sadarwa, da tsohon dish ɗin talabijin da kaji suka mayar gida. Ni ce mai goge su, ni ce mai yi wa 'yan makaranta bayani, yanzu kuma ni ce Inna. Tun rasuwarta, kullum bayan la'asar sai Baba ya ɗauki oba-obarsa, rediyon nan na hannu da ake magana da shi, ya kira sunanta ya ce, "Kaltume, kina ji na? Oba." Da ya ji shiru, kwana biyu ya yi bai ci abinci ba. Shi ne na ɗauki ɗaya oba-obar, na shige kicin, na amsa da muryarta. Wata takwas ke nan.

Na samu aikin koyarwa a Sakkwato, Litinin ce ranar ƙarshe ta kama aiki. Wallahi na gaji. Ka zo ka karɓe ni.

Ƙanwarka,
Yalwa

Legas

Yalwa,

Wa'alaikumus salam. Na ga saƙonki, Allah ya saka miki. Ba a ba ni hutu ba. Ko na zo ma, da wannan muryar tawa zan zama Inna? Ki ƙara haƙuri, aiki ba ya ƙarewa. Ki gaida Baba.

Yayanki,
Sharhabil

Unguwar Shanu

Yaya,

Salam. Jiya Asabar na amsa kamar kullum, na rufe da "oba". Sai na ji dariyarsa a cikin oba-obar. Ya ce, "Yalwa, shekara talatin ina koya wa uwarki ta ce oba, ba ta taɓa faɗa ba. 'To, Malam' take cewa. Na ga takardar aikinki. Tafi abinki. Oba an awut."

Ka san Baba, ba ya cewa awut sai magana ta ƙare. Na yi kuka, na haɗa kaya.

Yau ga jakata a bakin ƙofa, mai Keke Napep na jira. La'asar ta yi. Daga kicin ina jin sa: "Kaltume, kina ji na? Oba." Sau huɗu ke nan.

Bari in je in amsa. Ka huta lafiya.

Yalwa