Baba Ya Ɗinke Gidan Kifi

Tawa, bazarar 1964

Zuwa ga yayana Ciɗo, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lahiya, kai da iyalinka, ya ƙara buɗi a cinikin kifin da kake yi, ya tsare ka a ƙasar mutane. Mu nan Tawa lahiya lau muke, sai zafin bazara da ya sa kowa gudun rana. Matata Zaliha ta warke daga zazzaɓin da ta yi, har bakinta ya dawo, ka kuwa san bakin Zaliha. Can garinmu Takanamat ma lahiya, rijiya ta ja ƙasa amma ba ta ƙafe ba, kuma Gwaggo Balki tana nan da ƙarfinta, ita ke kula da Baba.

To Yaya, gyara zama, don wallahi tun ranar Lahadi cikina yake ƙaiƙayi da labarin nan! Ka san Baturen nan mai haƙar rijiyoyi da nake yi wa kuku. Ya gama aikinsa ya koma ƙasarsu, da zai tafi ya bar mini gidan kifinsa. Wani akwati ne garai-garai, kana hango cikinsa ta kowane gefe. Duk wanda ya gani sai ya rantse gilashi ne, amma wata irin roba ce mai tauri, wai da ita ake yin tagar jirgin sama. A ciki akwai 'yan kifaye jajaye da ya kawo daga Yamai. Ina ɗora ido a kansa a matsayin nawa, Baba ne ya faɗo mini a rai. Ka tuna yadda yake cewa ɗansa na Kumasi da kifi yake ci da iyalinsa, shi kuwa bai taɓa ganin kifi ba sai busasshe a faifan kasuwa. Abin da ba ka sani ba, don ba mu so mu tayar maka da hankali, yanar idonsa ta yi ƙarfi bana. Ya ajiye aikin gyartai, ƙoren matan gari sun taru ba mai ɗinke su. Abu ba ya ganuwa gare shi yanzu sai in ya gitta tsakaninsa da haske, kuma lokotoron asibiti ya ce abin gaba yake yi. Nan da nan na aika a sako mini Baba a motar kasuwa.

Ana gobe zai iso, na wanke akwatin nan tas, na ajiye shi a tsakar gida ina ta hura hanci, maƙwabta suna leƙe ta kan darni. Ashe ragon layyar Zaliha ya kwance. Ɗan banzan ragon nan ya hango kansa a jikin akwatin, ya ɗauka wani ne ya shigo masa gida, sai ya ja da baya ya zo ya kai masa karo! Yaya, na ji ƙarar nan har cikin hanjina. Tsaga ta taso daga baki ta gangaro gefe, ruwa ya fara zarya a ƙasa. Muka kwashe kifayen cikin kwanon wanki, ni ina zagin rago, Zaliha tana cewa ragonta ba shi da laifi, wanda ya ajiye madubi a gaban rago shi za a tambaya. Na ruga kasuwa na sayo ƙaro, na dama, na shafe tsagar, na shanya. Da na zuba ruwa sai ƙaron ya narke kamar ba a yi ba. Zaliha ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce mutumin da ya girma a ƙasarmu ta Adar yana tsotsar ƙaro amma bai san yana narkewa ba. Na ɗiga kyandir, ya ɓamɓare. Abin da ya fi ba ni tsoro, duk lokacin da na taɓa, tsagar sai ta ƙara tafiya ƙasa.

Da hantsi ranar Lahadi Baba ya sauka, duk ƙura. Ko hurar da aka dama masa bai shanye ba ya ce a kai shi ga kifin. Na kai shi bakin kwano, ya durƙusa, ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa ruwa. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago ya ce masha Allah, ya gani, Allah ya yi mini albarka. Yaya, bai ga komai ba. Idonsa yana gefen da babu kifi ko ɗaya. Ya faɗi haka ne don kada in ji kunya, ni kuwa sai da na juya baya na share hawaye.

Yana neman abin dafawa zai tashi, hannunsa ya sauka a kan akwatin. Ya shafa, ya shafa, yatsansa ya faɗa cikin tsagar, ya bi ta har inda ta tsaya. Ya tambaye ni wane irin ƙoƙo ne wannan mai kusurwa, na ba shi labari duka, har da na rago. Sai ya ce a kawo masa basilla da garwashi da kaba, a kuma nemo kakin zuma. Na ce Baba wannan fa ba ƙwarya ba ce, kayan Turawa ne, kuma babu irinsa a Tawa. Ya ce tsaga dai tsaga ce, ko a me ta fito, kuma ba a bin bayanta, gaba ake tarar ta. Ya ƙona basilla, ya lalubi bakin tsagar da farce, ya huda ɗan gaba kaɗan da inda ta tsaya. Wani wari ya tashi, na rufe idona ina jiran in ji abin ya rabe biyu. Shiru! Ya danna da tafin hannu, tsagar ta iso ramin ta tsaya cak. Daga nan ya shiga huda gefe da gefe, ya tsaga kaba siriri ya jiƙa, yana sakawa yana ja, yana ɗan waƙar nan tasa ta aiki da na manta rabon da in ji ta. Fuskarsa tana sama, yatsunsa ne kawai suke gani. Da ya gama ya murza kaki mai ɗumi ciki da waje.

Kafin la'asar gidana ya cika, har masu kasuwa sun biyo. Muka ɗora akwatin a kan turmi a bakin zaure, inda rana ke shigowa ta bayansa, Zaliha ta ɗaure ragonta da igiya biyu. Na fara zuba ruwa guga-guga, kowa ya zuba ido. Ruwa ya kai ɗinkin, ya wuce shi, ya kai baki. Ko ɗigo! Mata suka rangaɗa guɗa, ni na rasa abin yi sai na rungume mai garuwar da ya kawo mana ruwan. Muka saki kifayen, muka zaunar da Baba a gabansu. Sai wata kifanya daga ciki ta taso ta gitta ta cikin hasken, na ga kan Baba ya bi ta. Ta juyo, kansa ya juyo. Ya ɗaga yatsa yana binta a jikin akwatin, yana dariya da bakin nan nasa mara haƙori, yana cewa ga ta, ga ta, har da 'yan hannuwa take kaɗawa. Gani ya kori ji, Yaya, wannan karon da gaske ya gani.

Ya zauna nan har rana ta sauka. Da hasken ya tafi ya ce ashe abin nan ba ya tsayawa wuri ɗaya, ba mamaki wanda yake ci da shi ya kasa zama gida. Muka yi dariya, amma shi bai yi ba. Ya kama hannuna ya ce in rubuta maka, abu biyu ya roƙi Allah ya gani kafin idon ya rufe, ga ɗaya ya samu. Ya ce in ka zo ka tsaya masa a bakin zaure, inda rana take, zai gane ka.

Ka gaishe mini da matarka Yaya Asma'u da kyau, da yara Ahmed da Safi, da ɗan'uwanmu Attaher in kuna haɗuwa a zango. Zaliha tana gaishe ku, Gwaggo Balki ma ta aiko da gaisuwa. Baba ya ƙi komawa Takanamat, kullum la'asar yana gaban kifinsa, kuma duk motar da ta tsaya a tasha sai ya tambaya daga ina take. Ni dai na yi nawa, Yaya. Kada ka jira damina.

Wassalam,
Ƙanenka mai kewarka,
Lawali