Da muryar babana ake yi wa mutane ƙarya

Assalamu alaikum Anti, da ku masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a daure a karanta har ƙarshe kafin a yanke min hukunci. Duk zagin da za ku yi min na riga ku yi wa kaina shi, har na gaji.

Ni mace ce, ina zaune da iyayena a Diguel, nan N'Djamena. Ina aiki a wani ofishin gwamnati da ke ba da takardun haihuwa, ni ce mai fassara in Bahaushe ya zo ba ya jin Faransanci. Bara aka kawo mana ƙirƙirarriyar basira, wato na'urar da za ka kira a waya ka tambaye ta ko takardarka ta fito, ta amsa maka da baki kamar mutum, wai don a rage wa jama'a zirga-zirga. Larabci da Faransanci suka samu murya, saura Hausa. Aka gwada tawa, tsofaffi na jin muryar yarinya sai su kashe waya. Shef ɗinmu, wato shugaban ofis, ya ce a nemo muryar dattijo wadda mutane za su yarda da ita.

To, babana tun ina ƙarama shi ake kira in an yi gardama kan iyakar gida ko wani ciniki a unguwa, in Malam ya ce haka ne, magana ta ƙare. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi ya tafi da maganarsa. Yana ji, yana gane komai, amma kalma ba ta fita. A wayata kuwa akwai saƙonnin muryarsa cunkus, dogayen nasihohin da ya riƙa turo min ina karatu a Damagaram. Na kwashe su na miƙa wa masu haɗa na'urar. Suka ce mai muryar ya yarda? Na ce ya yarda. Ban tambaye shi ba, ban faɗa wa kowa a gida ba. Me ya kai ni? Son a yabe ni a ofis yana ciki, ba zan ɓoye ba. Amma wallahi har da kewar muryar. Ranar da aka gwada, na ji Baba ya ce min "Sannu da ƙoƙari, da me zan taimaka miki?" sai da na shige banɗaki na yi kuka na ƙoshi.

Abin da ban sani ba, ita wannan na'ura bakinta bai iya cewa "ban sani ba". In ta duba ba ta ga takardarka ba, wani lokaci sai ta shirya maka amsa mai daɗi, ta faɗa maka a natse da muryar mutumin da bai taɓa yi maka ƙarya ba. Kuma mu Hausawan garin nan nawa muke? Kowa ya san muryar.

Ran nan ina gida sai ga Inna Hauwa, wata tsohuwar maƙwabciyarmu da ta koma unguwar Lamadji, ta shigo tana haki. Ko zama ba ta yi ba ta tsaya a kan Baba ta ce, "Malam, ashe ka samu lafiya ba a faɗa muna ba? Kai ka ce mini ambakir, wato washegari, in zo, takardar jikata ta fito. Na hau kilando, mashin ɗin haya, tun daga Lamadji, na je na koma na sake zuwa, ba komi! Da wani ne ya faɗa, wallahi ko ƙofar gida ba ni fita." Mamata ta ce, "Haba Hauwa, mutumin da ko ruwa bai iya roƙo?" Sai Inna ta ciro waya ta kira lambar ofishinmu, ta buɗe sauti. Muryar Baba ta cika tsakar gidanmu, tana sake ce mata takarda ta fito, ta zo gobe. Na ga Baba yana ta buɗe baki, jijiyar wuyansa ta tashi, ba abin da ya fito sai gurnani. Ya dubi Mama, ya dubi Inna, sannan ya tsayar da idonsa a kaina. Ni kuwa na tashi wai zan kawo wa baƙuwa ruwa.

Yanzu magana ta bazu. Wasu na cewa ciwon nasa na ƙarya ne, gwamnati ta saye shi, wasu na cewa aikin aljanu ne. Yayana ya rantse sai ya gano wanda ya yi, kuma ni yake roƙo in bincika masa a ofis. Na samu shef na ce a cire muryar, ya ce, "Kalas, zance ya ƙare, madam, tun da aka sa ta kira ya ƙaru, manya sun yaba. In kuma kin ce mai ita bai yarda ba, to ke kika yaudare mu, ke za ki amsa." Na fito. In aka kore ni wa zai riƙe gidan? In na faɗa a gida, da wane ido zan kalli Mama?

Abin da ya fi ci min rai, Baba bai juya min baya ba. Har yanzu daga hannuna yake shan kunu, yana kallona shiru, da ma ya ture kofin da ya fi min sauƙi. Kullum bayan la'asar yakan nuna a fitar da shi ƙofar gida, inda dattawa ke zuwa su zauna da shi. A da tabarma ba ta isarsu. Jiya mutum ɗaya ne ya tsaya, shi ma daga tsaye ya gaisa ya wuce, Baba ya yi ta kallon bakin layi har aka kira magariba.

Ana ta ƙarya da bakinsa, shi kuma ba shi da bakin da zai ce ba ni ba ne. Duk garin nan ni kaɗai zan iya faɗin hakan a madadinsa, kuma na yi shiru. Don girman Allah ku faɗa min, me zan yi?