Babbar Ukulele da Kunnen Baba

Withington, Manchester
Maris, 2013

Zuwa ga ƙanwata Zinatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin isa Birmingham lafiya. Yaya aikin asibiti, yaya maigidan da su Nuru? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Baba da sanyi ke taɓawa. Takarda na rubuto saboda in na kira ki a waya, ko dai kina kan aiki, ko mu ƙare da faɗa.

Kin manta ƙatuwar ukulelenki a falo, wadda kike kira bariton. Ko in ce kin yi kamar kin manta, don na san halinki tun kina goye. Ki aiko a ɗauka, ba zan taɓa ta ba.

Dalilaina kuwa ba na ƙiwa ba ne. Ɗaurin tsirkiyarta daban yake da na ƙaramar ukulelen da nake kaɗawa. Inda nake ɗora yatsa in sami sautin C, a jikinta G ne zai fito, kin ga kenan sai in zubar da duk abin da na sani in koma ajin farko da furfurata. Littafin waƙoƙin ƙungiyarmu ta ranar Asabar duk na ƙaramar ne. Kaneng, mai jagorantarmu, cewa take bariton jita ce da ta ƙi girma, kuma na yarda da ita. Wuyanta ya yi wa yatsuna tsawo, tsirkiyoyinta biyu masu kauri suna cizo, ga shi ba ta shiga jakata balle in hau bas da ita. Ƙaramata muryarta garau take kamar dariyar yaro, taki kuwa sai ka ce mai mura.

Kada ki manta ni na fara ɗora miki yatsa a kan tsirkiya. Ki gaishe da yara.

Taki,
Yaya Kubura

Withington, Manchester
Afrilu, 2013

Ƙanwata Zinatu,

Sallama da fatan alheri. Ina fatan tarin Nuru ya yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa. Na ga amsarki, kuma tunda kin ce in faɗi gaskiya, to ga ta.

Tun da aka rufe cibiyar tsofaffin da Baba ke wuni, saboda wannan tsuke bakin aljihu da ake yi, ni ce komai nasa. Ni ce kai shi wajen likita, ni ce magani, ni ce tuwon da ba ya cin na kowa sai nawa. Da aka rage mana kwanakin aiki a ofis ma ban yi kuka sosai ba, na ce ya samu mai zama da shi. Kullum bayan La'asar sai in zauna gabansa in kaɗa masa ƙaramata, shi kuma ya riƙa gyaɗa kai yana murmushi. Shekara da shekaru ke nan muna haka, ina ɗauka daɗi yake ji.

Sai ga ki kin zo na wuni ɗaya da ƙaton akwatinki. Kina jan tsirkiyar farko ya ɗago kai. Kin gani da idonki yadda ya miƙa hannu ya dafa cikinta, ya ce tana masa kama da molon da yake ji a Kano yana saurayi, har ya bi ki da ƙunƙuni. Ni ina tsaye da tiren shayi kamar 'yar aiki. Wallahi Zinatu kishi ne ya kama ni, irin wanda ban taɓa yi ba ko lokacin da kika ci jarrabawar likita aka yi ta yanka kaji. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bayaninki na likitoci na karanta shi, cewa ƙarar injinan da ya yi aiki da su ta cinye masa siririn sauti, mai kauri ne kawai ke isa kunnensa. Ba ki san abin da kika gaya min ba. Kin gaya min duk zaman nan hannuna kawai yake kallo.

Yanzu kuma ya ɗauko maganar Birmingham. Kullum sai ya tambaye ni yaushe za ki dawo, shekaranjiya har na tarar ya sauko da jakarsa daga kan kwaba. Ke kuma kin rubuto wai kuna da ɗaki a ƙasa, ba sai ya hau bene ba. Na san da alheri kike nufi, amma in ya tafi, ni da wa zan zauna a gidan nan? Tun rasuwar Mama ban san wani aiki ba sai shi.

Abarki na tura ta bayan kujera, na lulluɓe da zane don kada ya riƙa ganinta.

Yayarki,
Kubura

Withington, Manchester
Afrilu, 2013

Zinatu,

Bayan gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Wannan gajera ce.

Jiya Lahadi Baba yana ɗakinsa yana ninke kaya, sai na jawo abarki don in saka ta a akwati in ba Kaneng, da yake za ta zo wajenku biki. Ban san abin da ya sa na zauna da ita a cinya ba. Na ɗora yatsuna yadda na saba, na manta da sunayen haruffa, sai ga waƙar ta fito, ita ce dai, illa ta sauka ƙasa, tana kaɗa min har cikin ƙirji. Ashe duk abin da nake tsoro bai kai ya kawo ba. Haushi ya ƙara kama ni da na ji daɗinta.

Ban kai rabi ba na ji sandarsa a bene. Rabon da ya sauko ba tare da na riƙe shi ba har na manta. Tun daga sama yake kira: "Zinatu, kin dawo ne?"

Na ci gaba da kaɗawa. Ya shigo ya tsaya a ƙofa yana kallona, ya daɗe, sannan ya ce: "Kubura, ashe ke ma kin iya kiɗa?"

Na so in yi dariya, sai hawaye suka riga ta. Ya zauna kusa da ni ya dafa cikinta kamar yadda ya yi miki, ya ce in sake daga farko. Na sake har aka kira Magariba, yatsuna duk sun yi ja. Da na tambaye shi batun jaka, ya ce ta jira tukuna, sanyi bai gama wucewa ba.

Saboda haka kada ki aiko kowa. Kin manta ta, ta mantu. Ki turo min takardar da kika koyi haruffanta da ita, kuma kada in ji kin gaya wa Kaneng. In za ki zo ganin Baba ki zo, ƙaramata tana nan na ajiye miki, sai ki ji yadda ake kaɗa wa mutum yana gyaɗa kai.

Na gode, Allah ya saka da alheri. Amma ki sani har yanzu ban huce ba, don sunanki ya fara kira.

Yayarki,
Kubura